Amsa: sanyin hannu a kan babur lokacin hunturu

Malam, ka ce in ka fito da asuba daga Gumel zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, kafin ka isa yatsunka sun ƙage, ko birki ba ka iya matsawa. Iskar da ke dukan bayan hannu ce ke kwashe ɗumin, ƙarin gudu kuma ƙarin sanyi.

Safar hannu ta ulu ita kaɗai ba ta tsinana komai, iska ratsa ta take yi. Sa ta a ciki, ka ɗora ta fata a kai, amma kada ta matse, don jini ya samu zagayawa. Wasu 'yan acaɓa kan yanka tsohuwar jarka su ɗaure ta da waya a gaban hannun babur. Ba kyan gani, amma tana tare iska. Ka dai tabbata ba ta taɓa birki ko kuloci.

Rufe ƙirji da wuya sosai, don in jiki ya ji sanyi, daga yatsu yake fara janye jini. Man kaɗe maganin kaushi ne, ba ya ɗumamawa. In yatsu sun mutu, tsaya wajen mai shayi ka rungumi kofi. Kada ka dafa salansa, sai ka ƙone ba ka ji ba.