Tambaya da Amsa: In sa sola ne ko in fara canza kayan wutar gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Wallahi kuɗin wuta ya ishe ni, na ɗan tara wani abu ina so in sa sola, amma abokina ya ce asara ce, wai in fara canza ƙwan fitila da firji tukuna. Wanne ya fi? Daga wani magidanci.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Abokinka yana da gaskiya, sai dai kalmar asara ta yi nauyi.

Bari mu yi lissafi. A ce kana da tsofaffin ƙwayaye masu zafin nan guda 10, kowanne wat 60, kana kunnawa awa 6 a dare, ka ga yunit 3.6 na mita ke nan kullum (yunit ɗaya shi ne wat 1000 na awa ɗaya), kuma abin haushin ma kusan kashi 90 na wutar zafi take zama ba haske ba. In ka sauya da LED mai wat 9, haske kusan ɗaya ne, amma ka dawo wajen rabin yunit. Yunit 3 da ka rage ɗin nan, in da sola za ka samo su sai ka sayi farantai biyu masu wat 400, kuma tunda da daddare ake kunna fitila dole ka haɗa da batirin da zai riƙe wutar. To ƙwai goma da farantai biyu da batiri, wanne ya fi sauƙi a aljihu?

Haka fanka, tsohuwa tana jan wat 70 ko fi, ta zamani mai DC kusan 30. Firji kuwa kafin ka yar da shi duba robar ƙofar, wani lokacin ita ce kawai ta saki.

Su farantan ba su ne matsala ba, sun yi arha sosai, daga 2010 zuwa 2020 farashinsu ya faɗi kusan kashi 90 a duniya, kuma garantinsu yakan kai shekara 25. Batiri ne ke cin mutum. Mai ruwan nan shekara 3 zuwa 5 ka sake sayen wani, na lithium ya fi daɗewa amma da tsada, inbata ma, wato na'urar da ke juya wutar batiri ta koma irin ta gida, ba za ta kai ƙarshe da farantan ba, masu tallan sola ba su cika son wannan maganar ba.

Amma fa in wutarku ba ta tsayawa, kullum janareto kake bugawa, to lissafin ya canza, don wutar janareto ta fi ta mita tsada nesa ba kusa ba, a nan sola tana saurin mayar da kuɗinta. Ko a hakan ma ka fara canza ƙwayaye da fankoki, ka rubuta abin da mitarka ke ci na wata guda, sannan ka kai wa mai haɗawa wannan sabon lissafin ya auna maka. Dutsen guga da hita kuma kar ka ɗora wa batiri, a yi guga da rana.