Amsa kan damuwa, ƙwaƙwalwa da ɓerayen da ke da hawan jini

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Hajiya, na saurari tambayarki a kan abin da kika ji cewa damuwa tana canza ƙwayoyin gado na ƙwaƙwalwa, wato ƙwayoyin halittar da ake gada daga iyaye, har ta haifar da hawan jini. Maganar tana da tushe, amma akwai gyara a cikinta. Damuwa ba ta sake rubuta ƙwayoyin gado, abin da take yi shi ne ta sa wasu su tashi aiki, wasu kuma su lafa.

Yawancin wannan ilimi daga ɓerayen gwaji aka samo shi. A shekarar 1963 wasu masana a Kiyoto ta ƙasar Japan, Okamoto da Aoki, suka ba da rahoton wani jinsin ɓeraye da jininsu ke hawa da kansa yayin da suke girma, bayan sun yi ta haɗa masu hawan jini suna haihuwa. Daga baya a Nobosibirsk ta Rasha, Arkady Markel da abokan aikinsa suka samar da wani jinsin mai suna ISIAH, wanda aka zaɓa saboda jininsa yana hawa sosai idan an tayar masa da hankali. Ana saka ɓeran ne a cikin wani matsattsen keji mai kama da bututu, inda ba zai iya juyawa ba, ba tare da an ji masa ciwo ba, sannan a auna jininsa ta wutsiya.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa shi ne ya fi ɗaukar hankalina. A can ƙasanta akwai wani ɗan sashe da ake kira hayifotalamos, wanda ke kula da martanin jiki idan an shiga tsoro. Cikin mintoci kaɗan da kulle ɓeran, ƙwayar gado mai suna Fos da ire-irenta suke fara aiki, su kuma su tayar da wasu. Sashen yana fitar da wani sinadari mai isar da saƙo da ake kira CRH, saƙon ya bi ta jini har ya kai ga wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, su saki sinadaran damuwa, jijiyoyi kuma su sa zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin jini su tsuke. Ɓera mai lafiya ma yana yin haka, sai dai a jikin wanda ya gaji wannan rauni martanin ya fi ƙarfi, jinin kuma ya fi hawa.

A ganina, Hajiya, kada a ɗauki wannan kai tsaye a ɗora wa mutum, domin waɗannan ɓeraye da gangan aka yi ta tace su tsawon zuriya da yawa, alhali hawan jinin ɗan Adam ya haɗa da gishiri, ƙiba, shekaru da ciwon ƙoda. Wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da sha ko da hankalinsa a kwance yake, ya kuma riƙa zuwa awo. Wassalam.