Shin da gaske an rushe ra'in Einstein a kan baƙin rami?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ina shekarar ƙarshe a sashen fiziks, kuma burina in yi digiri na biyu a kan baƙin rami. Wani ya turo bidiyo a gurup ɗinmu na WhatsApp yana cewa masana sun gano Einstein ya yi kuskure, shi ya sa suke ta ƙirƙiro sababbin ra'o'in jan nauyi, wai baƙin ramin ma tatsuniyar lissafi ce. Har wani ɗan ajinmu ya ce ya rubuta nasa ra'in, wata mujalla za ta buga masa in ya biya. Hankalina ya tashi, kada in ɓata shekaru ina gini da tubalin toka.
Ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki. Baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya da jan nauyinsa ya yi ƙarfin da ko haske ba ya iya kuɓuce masa, ya daɗe da fita daga allo. Ranar 14 ga Satumba, 2015, na'urorin LIGO a Amurka suka kama girgizar sarari daga haɗewar baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya ya ninka nauyin rana kusan sau 36, ɗayan sau 29. A 2019 aka fito da hoton inuwar wanda ke tsakiyar gungun taurari na M87, a 2022 kuma na tsakiyar gungunmu. Tawagogin Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun shafe shekaru suna bin tauraron S2 yana zagaya shi cikin shekara 16, kuma abin da suka auna ya dace da lissafin Einstein.

To me ya sa ake neman gyara? Akwai dalilai na gaske. Taurarin gefen gungu suna gudu fiye da yadda nauyin da muke gani zai iya riƙe su. Tun 1998 aka gano faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi. A tsakiyar baƙin rami kuwa lissafin da kansa yake tsinkewa, kuma har yau ba a sasanta shi da ra'in kwantom, mai bayanin halin ƙananan ƙwayoyin zarra, ba. Ko dai akwai abin da ba mu gani, ko dokar ce ke buƙatar ƙari. An taɓa shiga irin wannan. Da duniyar Yuranus ta kauce wa lissafi, sai aka ce akwai wata a ɓoye, aka kuwa gano Naftun a 1846. Da Makuri ta kauce, aka sake zaton haka, aka yi ta neman wata duniya da babu ita, har Einstein ya zo a 1915 ya nuna dokar Newton ce ta gaza a can.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na gamu da shi. Mutane suna jin "gyara" sai su ɗauka an yi watsi da tsohon, fili ya zama na kowa. Wannan fahimta ce take cutar da ɗalibai. Duk wanda ya kawo sabon ra'i, dole ya fara biyan bashin tsohon. Sai lissafinsa ya fitar da karkatar zagayen Makuri, daƙiƙa 43 na kusurwa a shekara 100. Sai ya fitar da lanƙwasar haske a gefen rana, wadda masanin taurari Arthur Eddington ya je tsibirin Principe ya auna a husufin 1919. Sai ya fitar da bambancin agogon tauraron GPS da na ƙasa, kimanin maikurosakan 38 a yini, wanda taswirar wayarki ta dogara da shi. In ya faɗi ɗaya, an gama da shi, ko farfesan ina ne.

Ki duba yadda masu aikin na gaskiya suke sha. Mordehai Milgrom ya kawo ra'in MOND, wato gyaran dokar Newton, a 1983, ya ce jan nauyi yana sauya hali inda ya yi rauni ƙwarai. Ni ina ganin ƙimar aikin, domin yana hasashen juyawar gungu ɗaya ɗaya da kyau, amma a taron gungu ya gaza. Jacob Bekenstein ya faɗaɗa shi a 2004 da ra'in TeVeS. Sai ranar 17 ga Agusta, 2017, taurarin nutiron biyu, wato dunƙulallun ragowar taurarin da suka mutu, suka yi karo. Girgizar sarari da hasken gamma, wani nau'in haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, suka yi tafiyar shekara kusan miliyan 130, suka iso da tazarar daƙiƙa 1.7 kacal. Ke nan gudunsu ɗaya. Ra'o'in da suka ce akwai bambanci, har da TeVeS a siffarsa ta asali, suka faɗi a dare ɗaya. Masu su ba su ce an yi musu maƙarƙashiya ba, sun koma kan allo.

Ki gwada wannan da abin da ke zuwa akwatin imel ɗina: shafi goma sha, babu tensa (nau'in lissafin da aka rubuta ra'in Einstein da shi) ko ɗaya, babu adadin da za a auna, sai "Einstein ya ruɗi duniya" da zane mai launi. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini irinta da murna, ya riga ya biya wata mujalla kuɗin da iyayensa suka tara masa, an karɓi takardar cikin kwana uku ba wanda ya karanta. Na zaunar da shi, na ce ya fitar mini da 43 ɗin Makuri. Ya kasa, idonsa ya cika da ƙwalla. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, macuta ne suka same shi kafin malami ya same shi, kuma abin yana ƙona mini rai har yau. Mujallar da ke neman kuɗi kafin masana su tantance aiki, kasuwa ce kawai. Ki gaya wa ɗan ajinku ya riƙe kuɗinsa, ya kai takardar wurin malamin da zai gaya masa gaskiya.

Ke kuwa, ki fara da tensa har hannunki ya faɗa. Ki warware lissafin Schwarzschild na 1916, na rami mara juyawa, da biro da takarda, sannan na Kerr na 1963, na rami mai juyawa. Daga nan ki nufi amon da sabon rami yake yi bayan haɗewa, kamar ƙwarya da aka buga tana lafawa. A ra'in Einstein nauyi da juyi kaɗai ke tsara wannan amo, don haka a nan ake farautar kaucewa. Bayanan LIGO a buɗe suke a intanet kyauta, kwamfutar cinya da Python sun ishe ki ki fara. Allah ya ba da sa'a.