Amsar tambayarka kan birkin bakin bindiga

Toh yarona naga saƙonka. Kace wani kwastoma ya kawo bindigarsa .300 Winchester Magnum shago yana so a ɗaura mata birki a baki, wato ƙarfen nan mai ramuka da ke rage naushin harbi, don zai fara harbin nesa, kana tambaya wanne zaka ce ya saya, sannan wai da gaske ne birki yana ƙara ma bindiga saiti. Bari in fara da ta biyun don nan mutane suke ruɗewa.

Birki baya gyara tafiyar harsashi ko kaɗan. Aikinsa da iskar albarushi ne, wadda take biyo bayan harsashi da ƙarfin tsiya, maimakon ta fita gaba duka ta ingizo bindiga kan kafaɗarka sai ta daki bangayen da ke cikin birkin ta fice ta ramukan gefe, wannan dukan shi ke jan bindigar gaba ya rage naushin da take maka. Mai kyau yana iya cire kusan rabin naushin a irin magnum ɗin nan masu cin albarushi da yawa. A ƙaramar bindiga irin .223 kuwa dama naushin ba wani abu bane.

Amma ni ba don ciwon kafaɗa nake ɗaura ma masu harbin nesa birki ba, ka riƙe wannan da kyau. Don ido ne. Harsashin 6.5 Creedmoor sai ya yi wajen sakan ɗaya da rabi kafin ya isa yadi 1000, kaga in bindiga bata yi tsalle ba mutum yana nan cikin madubin hangen nesa na bindigarsa zai ga inda ya sauka, ƙura ta tashi ta hagu ko ta dama, nan take ya san iska ta kwashe shi ya gyara na biyu. In ta yi tsalle kafin ya dawo ya nemo abin harbin ƙurar ta kwanta, ya ƙona harsashi bai koyi komai ba. Shi yasa a gasar harbin nesa ta PRS nan Amurka da wuya kaga bakin bindiga tsirara. Ga kuma wanda naushi ya sa masa tsoro har yana runtse ido kafin ya ja kunama, shima birki na taimakonsa sosai, daga nan ne ake cewa wai ya ƙara saiti alhali maharbin ne ya nutsu.

Maganar wanne zai saya, kar ka fara da sunan kamfani. Ɗauko ma'auni ka auna kaurin bakin bututun tukuna. Zaren da aka saba yanka ma .308 da .300 da 6.5, wato tsagin da ake murɗa birki a kai kamar noti, shine 5/8x24 (kauri 5/8 na inci, tsagi 24 a kowane inci), na .223 kuma 1/2x28, wasu na Turai irin Sako TRG suna zuwa da M18x1. In bututun siriri ne irin na farauta, kaurinsa bai kai kusan kashi uku cikin huɗu na inci ba, bazaka samu kafaɗar da birkin zai zauna a kai daram ba in ka yanka 5/8, toh kar ka matsa, kira ni mu duba tare. Ramin tsakiyar birkin kuma dole ya fi harsashin faɗi da kamar inci 0.020. Birkin .30 zai yi aiki a kan 6.5 tunda 6.5 ɗin milimita ne, bai kai kaurin .30 na inci ba, amma na 6.5 a kan .30 wallahi haɗari ne babba, ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa kafin ya taɓa bindiga.

Sannan tunda a kwance zai riƙa harbi ka nema masa mai ramuka a gefe kawai. Masu ramuka zagaye har ƙasa suna tada yashi ya cika masa ido da madubi.

Inda nafi so ka bada hankalinka shine ɗaurin. Zaren da zaka yanka ya bi ramin cikin bututu, kar ka yarda da jikinsa na waje, don sau da yawa ramin baya tsakiya cif. In ka kauce kaɗan harsashi zai riƙa gogar bangon birkin yana watsewa, in kaucewar tayi yawa ya fasa shi. Bayan ka ɗaura ka zura sandar gwaji ka gani da idonka ta fito tsakiya, tazara ɗaya ta ko'ina. Ramukan gefe su kwanta daidai hagu da dama, in sun karkace bindigar zata riƙa zillewa gefe guda duk harbi. Ni bana son washa ɗin nan da ake matsewa ta lotse a kan bindigar saiti, gara siraran washa da ake jerawa har ya tsaya inda ake so, ko ya sayi birki mai noti a jikinsa irin Hellfire na Area 419 ko Little Bastard na APA, ka juya ka ɗaure shikenan.

Ka gaya masa saitinsa zai motsa, nauyi ne aka ƙara a baki, sai ya koma yadi 100 ya sake. Ya kuma riƙa goge baƙin da ke taruwa a ciki.

Abin da masu tallan birki basa so su faɗa shine ƙara. Harbin irin wannan bindiga dama yana kai wajen desibel 160, kunne kuwa ƙara ɗaya tak da ta kai 140 tana iya lalata shi, birki kuma sai ya juyo ƙarar da bugun iskar zuwa gefe da baya, kan mai harbi da duk wanda ke kusa da shi. Jin da ya tafi baya dawowa. Ya toshe kunne da na cusawa ya ɗora na rufewa a kai, duka biyun, kai ma haka in zaka gwada. A gasar harbin nesa ta F-Class ma an hana birki gaba ɗaya tunda a jere ake kwanciya, kuma masu jagorar farauta da yawa a Afirka ta Kudu da Namibiya basa ƙaunarsa saboda masu bin sawu da ke tsaye gefen maharbi kunne a buɗe.

Don haka in ya dawo ka tambaye shi wace gasa zai shiga kuma ko zai riƙa fita farauta da ita. In zai fita, ka yanka masa ɗan murfin da zai rufe zaren ranar da ya cire birkin, ka ce ya gwada saitin da shi da kuma babu shi ya rubuta bambancin ya ajiye.