Firinsifal shi kaɗai zai iya tada makaranta?

Malam, ka tambaya ko shugaba ɗaya zai iya farfaɗo da sakandaren da ta lalace. Wallahi zai iya, in ya fara da malamai. Wadda ƙanena ya yi nan Daura, ƙarfe goma wasu malaman ba su iso ba, yara na gararamba a bakin titi. Da aka kawo sabon firinsifal, bakwai da rabi yana bakin ƙofa riƙe da rajista, wanda ya makara jan biro ne. Ya tara iyaye, ya sa wa 'yan SS3 lesin Turanci da Lissafi bayan la'asar, tunda yawancin kwasa-kwasan jami'a sai da kiredit a biyun nan a WAEC ko NECO. Ya sha tsegumi kam, har ma'aikatar ilimi aka kai ƙararsa.