Amsar tambayarki a kan gidan silima

'Yata, saƙonki ya iso. Kina tambaya me ya sa har gobe dattawan gidanmu ke ɓata rai in aka ce 'ya mace za ta silima, alhali fim ɗin yana cikin wayarta. To, ba fim suke gudu ba, wurin suke gudu.

Kano ta san majigi tun zamanin Turawa. Mota za ta zo, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna tsafta ko dabarun noma, kyauta, da yardar sarauta. Wannan bai tayar da hankalin kowa ba. Silimar kuɗi ita ce ta zo da magana. Rex, wadda Kwarori 'yan kasuwa suka buɗe a 1937, ba a cikin ganuwa aka gina ta ba, can ɓangaren Sabon Gari take, unguwar baƙi, inda otal-otal da gidajen giya suke. A lokacin, in an ce an ga wane a otal, ba wanda zai kawo kwana a ransa, giya da mata masu zaman kansu za a kawo. Silima ta tashi a maƙwabtaka da su, ta kwashi sunansu. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Sai kuma gobarar silimar El Duniya, ranar 13 ga Mayu 1951. Wuta ta kama ana tsakiyar kallo, jama'a suka yi cincirindo a ƙofa, mutum 331 suka rasu. Iyayenmu ba su ɗauke ta hatsari kawai ba. Gari ya ɗauka cewa azaba ce ta sauka, kuma an daɗe ana yi wa yara kashedi da ita. Ni dai ina ganin an tsananta wa mamatan, Allah ya jiƙansu, yawancinsu samari ne da suka je kallo. Amma tsoron ya zauna.

Ba a daɗe ba aka buɗe silimar Palace a Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, a cikin birni sosai, ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Malamai da mutanen unguwa suka yi ca a kai. Daga baya ginin ya koma asibiti.

Ki kuma san yadda cikin gidajen silimar wancan lokacin yake. Yawancinsu ba rufi, sai duhu ya yi ake farawa. Masu ƙaramin ƙarfi suna gaba a kan benci, wuya a ɗage, hayaƙin taba ya turnuƙe, ana ihu ana fito in jarumin Indiya ya fara dambe, a bakin ƙofa ga mai tsire ga mai shayi ga 'yan sane. Macen da ta shiga nan da dare, ko da mijinta ne, ta gama jawo wa gidansu magana. Shi ya sa matan aure suka jira sai da bidiyo ya shigo ɗaki.

Na san silimar yanzu ba haka take ba, da kujeru da sanyi, kuma ana nunawa da rana. Babanki ma ya sani, tsohuwar silimar ce ke idonsa. Kada ki ja da shi. Ki bi ta wajen Umma, ki nemi kallon la'asar, yayanki ya raka ki, ku dawo kafin magariba. In ya ƙi, ki bar ni da shi, zan shigo ranar Juma'a in Allah ya kai mu.