Tambayi Likita: Tteok, Wainar Shinkafar Koriya

Tambaya: Likita, ina karatu a Seoul, kusan kullum tteokbokki nake saya a bakin titi. Yana gina jiki kuwa?

Amsa: Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tteok, wanda da shi ake yin tteokbokki, garin shinkafa ne da ake turarawa, wani lokaci a kirɓa shi har ya yi danƙo. Kusan dukkansa sitaci ne. Zai ba ka ƙarfi, amma sinadarin gina jiki da harza ba su da yawa a ciki. Giram 100 na garaetteok, dogon farin nan da ake yankawa a yi tteokbokki, ya haura kalori 200. Ya fi dafaffiyar shinkafa mai nauyi ɗaya, don a dunƙule yake, ruwansa kaɗan. Abin da ya fi damuna shi ne jar miyar gochujang, wato kwaɓin barkonon Koriya, da ake dafa shi a ciki, ga gishiri ga sukari. In za ka ci, ka haɗa da dafaffen ƙwai, kabeji da kifi, kuma kada ya zama cimarka ta kullum.

Tambaya: Ina da ciwon sukari. 'Yata ta dawo daga Koriya da tteok iri biyu, injeolmi da songpyeon. Zan iya ci?

Amsa: Hajiya, ki yi taka-tsantsan. Shinkafar da aka niƙa aka kirɓa tana saurin narkewa, sukarin jini ya hau nan da nan, kamar yadda tuwon shinkafa yake yi miki. Garin waken suya da ake barbaɗa wa injeolmi yana ƙara masa amfani, haka riɗi da wake da ake cusa wa songpyeon, wanda suke turarawa a kan ganyen bishiyar fayin (pine) lokacin bikin girbi na Chuseok. Sai dai galibi ana zuba musu sukari ko zuma. Ki ci ɗaya ko biyu tare da ganye da nama, ki rage tuwon daren, sannan ki gwada sukarinki bayan awa 2.

Tambaya: Zan iya ba ɗana mai shekara 2 tteok?

Amsa: Malama, ki bari ya ƙara girma. Danƙon tteok kan maƙale a maƙogwaro ya toshe numfashi, musamman ga yara da tsofaffi masu wahalar haɗiya. Ko babba ya yanka ƙanana, ya tauna sosai, yana zaune.